Shuɗin Fenti a Ƙarƙashin Kujerar Baba

Litinin, 15 ga Disamba, ƙarfe shida da rabi na safe

Yau kwana tara ke nan da aka sallamo Baba daga asibiti aka kawo shi gidana. Na ce bari in riƙa rubuta ko layi biyu ne, don kaina ya cika, abin da ya faru shekaranjiya ma sai na yi da gaske nake tunawa.

Yaya ya kira jiya, kuma bai yi kwana-kwana ba. "Auta, na san ki da wannan watan. Ranar Lahadi ashirin da takwas zan zo. In na tarar ba kya iyawa zan tafi da shi wurina, kuma ba na son musu." Na ce wa ya ce ba na iyawa? Ya ce ba wanda ya ce. Garin da Yaya yake yini guda ake yi a mota kafin a kai. In Baba ya tafi can, ga abin da likita ya faɗa mana a bakin ƙofar ofishinsa, ban san sau nawa zan sake ganinsa ba. Abin da likitan ya faɗa ba zan rubuta shi a nan ba.

A kan watan dai Yaya yana da gaskiya. Mai hayar kujeru da rumfuna ba ta da hutun ƙarshen shekara, hutun kowa shi ne aikina. An rufe makarantu, ma'aikata sun dawo gida, duk wanda ya yi shekara yana ɗage taro yanzu ya tuna da shi. Abin da na samu a sati ukun nan shi ke riƙe mu har tsakiyar shekara. Taro ashirin da biyu na karɓa, kuma duk kafin ciwon Baba ya zo na karɓe su.

Ciwon ya taɓa masa ɓarin hagu, bakin ya karkace, magana ba ta fita daidai. Malam, mijina, ba ya gane ko kalma ɗaya. 'Yata, da muke kira Lauya saboda ba a kayar da ita a gardama, rabi take kamawa. Ni kuwa in na zauna a gabansa na kalli leɓensa da hannunsa na dama, ba abin da ke wuce ni. Wannan ce hujjata, kuma ita na ba Yaya.

Talata, 16, ƙarfe biyu na rana, a sito

Kujera ɗari huɗu sun fita, ɗari uku da casa'in da ɗaya sun dawo. Dogo direba ya ce ya ƙirga sau biyu. Na ce ya koma ya duba gidajen maƙwabtan masu taron, ya riƙa juya kujeru yana leƙa ƙarƙashinsu. Duk abin da ke nawa, daga cokali har ƙarfen rumfa, akwai ɗigon shuɗin fenti a ƙarƙashinsa. Shekara goma sha ɗaya da haka nake aiki, kuma doka ɗaya na ba masu lodi: abin da ke da shuɗi, a sa shi a mota, kada a tambayi kowa.

Jiya da na koma gida Baba yana barci.

Alhamis, 18, bayan asuba

Malam ya ce tunda shi yana hutun makaranta, wanka da magani da abincin Baba duk ya ɗauke mini. Ya kuwa ɗauke, ko a fuska bai nuna ba, kuma wannan ɗin ne ke damuna. Da zai yi faɗa da na samu abin cewa.

Abu ɗaya dai na yi daidai, kujerar da na saya wa Baba. Likitan motsa jiki ne ya faɗi irinta: doguwa, mai tauri, mai hannu biyu. Daga ita kaɗai Baba ke iya miƙewa da kansa ya kama sanda ya je banɗaki. Kushin ɗin falo kuwa in ya nutse a ciki sai an kama shi. Kullum da hantsi Malam na fitar masa da ita baranda ya sha rana.

Jiya ma da na dawo Baba yana barci.

Asabar, 20, ƙarfe huɗu na yamma, cikin mota

Kaya sun kasa. Na aika Dogo gida ya ɗauko kuloli biyu na kicin, da babbar dardumar falo, da teburin cin abinci. Lauya ta kira ni.

"Mama, a ina za mu ci abinci?"

"A ƙasa. Ku shimfiɗa darduma."

"Ita ma sun tafi da ita."

Na ce ta ba ni babanta. Malam ya ce, "Ba komai, Hajiya. Ki dai faɗa wa Dogo ƙofar gida ba ta da fenti, ya bar mana ita." Na yi dariya, shi ban ji ya yi ba.

Sito ya yi kaɗan, don haka kayan da ke dawowa da yamma yanzu a tsakar gidana ake jibge su. Gidan ya zama tasha.

Lahadi, 21, da safe

Bayana yana ciwo. Taro uku yau.

Talata, 23, ƙarfe bakwai na safe

Ina ɗaura ɗankwali Lauya ta tsaya a bakin ƙofa ta naɗe hannu, irin tsayuwar da take yi in za ta shigar da ƙara.

"Mama, kin san Baba Tsoho ba barci yake ba in kin dawo?"

Na ce kamar yaya?

"Yana zaune yana jiran ki tun magariba. Da ya ji ƙarar motarki sai ya yi mini nuni in kashe fitila, ya juya bango. Na tambaye shi, ya ce wai in kin shigo za ki zauna, in kin zauna ba za ki huta ba."

Na ce ta je ta duba shayi a wuta. Ba shayi a wuta, ita ma ta sani, amma ta tafi. Na zauna a bakin gado da takalmi ɗaya a ƙafa. Kwana nawa ina leƙa ɗakin nan ina cewa alhamdulillahi yana samun barci, har ina jin daɗi don ba sai na zauna ba. Gaskiyar ke nan, ina jin daɗi. Kunya ta kama ni sosai.

Laraba, 24, bayan magariba

Yau na bar wa Dogo komai na dawo gida ƙarfe uku. Baba yana baranda. Da ya gan ni da rana tsaka sai ya ɗaga gira ya ce, "Lafiya? An kore ki?"

Na jawo kujerar roba na zauna a gabansa. Ya dube ta ya taɓe ɓarin bakin da ke motsi. Baba kafinta ne, shekara arba'in yana fama da katako, kuma har yau bai yafe mini sana'ar roba ba. Ya ce kujerar da iska ke ɗauka ba kujera ba ce, bokiti ne aka yi wa ƙafa. Lauya ta ce me ya ce, na fassara mata, ta ce ai bokitin ne ke biyan kuɗin makarantarta. Ya ce, "Amaryar nan tawa bakinta ya yi yawa, sakinta zan yi." Ta ce ita ma ba ta son miji mai sanda. Ya yi dariya har sai da na share masa baki.

Na yanke masa farce. Hannun hagun ya yi sanyi, ya yi nauyi, na riƙe shi a cinyata ina murzawa. Ya ba ni labarin ranar da na haɗiye ƙaramar ƙusa a shagonsa ina shekara uku, labarin da na ji sau ɗari, amma yau sai da ya yi kusan rabin awa kafin ya kai ƙarshe, kuma ban katse shi ba. Malam ya kawo mana shayi ya tsaya yana kallonmu, ya ce shi dai har yanzu ko wasali bai kama ba.

Ƙarfe biyar Hajiya Yanzu-yanzu ta kira. Ni na sa mata sunan, don ba ta taɓa neman abu ta ce gobe ba. Taron zuri'arsu na kwana biyu ne, Juma'a da Asabar, mutum ɗari shida, shi ne mafi girma a duk watan. Ta ce launin rumfa bai yi mata ba. Ina ta ba ta haƙuri ina zagaya tsakar gida, da na juyo Malam ya riga ya shigar da Baba.

Duk da haka yau rana ce mai kyau. Zan nuna wa Yaya.

Alhamis, 25, ƙarfe ɗaya na rana

An canja rumfa. Yanzu kuma tebura ne ba su yi ba.

Juma'a, 26, ƙarfe biyar na yamma, wurin taron Hajiya

Da safe Dogo da masu lodi sun je gida kwashe kayan tsakar gida. Malam ya riga ya fitar da kujerar Baba baranda, ya shiga yi masa wanka. Da suka fito ba kujera.

Malam ya kira ni, na kira Dogo na hau shi da faɗa. Ya bari na gama sannan ya ce, "Hajiya, na juya ta na duba. Akwai shuɗi." Sai a lokacin na tuna. Ranar da aka kawo ta sito aka fara sauke ta, ina waya, buroshi na hannuna, na ɗiga mata kamar yadda nake yi wa komai. Ko tunani ban yi ba.

An san inda take. Za a mayar.

Asabar, 27, ƙarfe shida na safe

Malam zai je asibiti karɓo maganin Baba, yau ce ranar. Na ce ya tafi abinsa, ƙarfe goma ina gida da kujerar. Ya ce, "Goma?" Na ce goma.

Asabar, bayan magariba

Ba abin da ya karye.

Lahadi, 28, bayan asuba

Lauya ba ta yi mini magana ba tun jiya. Ta wanke zanen kushin da kanta, ta shanya a bayan gida inda ba mai gani.

Kira goma sha ɗaya na tarar a wayata jiya, duk daga Lauya. Na ga na farko da na biyu, janareto ya mutu a tsakiyar jawabin babban baƙo, Hajiya tana tsaye a kaina, na ce a raina burodi ne ya ƙare ko wani abu, zan kira. Ashe Baba ne yake ta faɗa mata abu ba ta gane ba, take nema na in fassara. Banɗaki yake so. Da ta gane daga baya ta ce za ta kama shi, ya ture hannunta, ba zai yarda jikarsa ta kai shi ba. Ya yunƙura daga kushin shi kaɗai, ya faɗi.

Minti arba'in yana ƙasa kafin Malam ya dawo. Yarinya 'yar shekara sha biyu ba za ta iya ɗaga shi ba. Ta sa masa matashi, ta lulluɓe shi da zane. Ta ce wa babanta duk tsawon lokacin Baba bai buɗe ido ba.

Goshinsa ya kumbura, nan ne kawai. Malam ya ce mini, "An gyara shi, ya ci abinci," ya wuce ɗaki. An dawo da kujerar ƙarfe bakwai na yamma tare da sauran kaya.

Yaya yana hanya.

Litinin, 29, ƙarfe uku na rana

Yaya ya iso jiya da la'asar. Falo ba darduma, ba tebur, tsakar gida kuma kujerun roba har saman taga. Ya dubi nan ya dubi can, sannan ya ga goshin Baba.

Yau da hantsi ya tara mu a baranda, ni da Malam da shi. Ya durƙusa gaban Baba ya ce, "Baba, me ya same ka a goshi?" Baba ya yi magana. Yaya ya juyo ya kalle ni, don shi ma ba ya ganewa. A gidan nan duk abin da Baba zai faɗa wa duniya ta bakina zai bi.

Abin da Baba ya ce shi ne, taurin kai ne irin na tsufa, an hana shi tashi ya tashi, ba laifin kowa.

Na faɗa wa Yaya haka. Sannan na ce, "Wannan maganar Baba ce. Tawa kuma, na ce zan dawo ƙarfe goma ban dawo ba." Ban san me ya sa na faɗa ba. Malam ya sunkuyar da kai.

Yaya ya ce to, shi ba shari'a ya zo yi ba. Ya ce matarsa tana gida kullum, yaransa maza manya ne, asibiti na kusa. Ya ce amma ba zai ɗauki Baba kamar kaya ba, Baba ya faɗa da bakinsa. Na ce saura taro shida kawai, nan da kwana bakwai na gama, daga nan ko ƙofar gida ba zan leƙa ba. Na ce can wa zai gane maganarsa? Na yi ta magana, har Yaya ya ce, "Auta, bari ya faɗa."

Baba ya daɗe yana kallona. Sannan ya yi magana a hankali, yana bin kalma ɗaya-ɗaya don kada in ce ban ji ba. Ya ce, "Ki bar ni in bi yayanki. Kin gaji, Auta. Kuma ba na so amaryata ta sake ganina haka."

Yaya ya ce, "Me ya ce?"

Ba mai ganewa sai ni. Da na ce ya ce zai zauna, Yaya zai yarda, Malam ba zai sani ba. Baba ma ya san haka, yana kallon bakina kamar yadda nake kallon nasa. Na ji maganar ta zo har kan harshena.

Na ce, "Ya ce zai bi ka."

"Shi ke nan abin da ya ce? Na ga maganar da tsawo."

Na ce shi ke nan.

Litinin, bayan magariba

Akwai abin da ban rubuta ba ranar Juma'a, kuma ban faɗa wa Yaya ba, ban faɗa wa Malam ba.

Na ga kujerar da idona tun ƙarfe goma na safiyar Juma'a. Tana sahun gaba, surukar Hajiya tana zaune a kai, tsohuwa tukuf, da sandarta a gefe. Na nufi wurin don in ɗauke, sai Hajiya ta riƙo hannuna tana murmushi, karo na farko a watan nan, ta ce, "Kin ga abin da ya sa nake son aiki da ke, har tsohuwarmu kin tuna da ita. Ki bar mata har gobe." Na buɗe baki, na ce ba komai Hajiya, ai aikinmu ne. Da Malam ya sake kira na ce masa ana kan nema.

Kalma shida ce kawai, kujerar mahaifina ce, ba shi da lafiya. Ko bakwai. Da matar nan ta ba ni, ba muguwa ba ce. Ni ce ban so murmushin ya ɓace ba.

Talata, 30, ƙarfe takwas na safe

Sun tafi ƙarfe shida da rabi. Dogo ya zo da kansa ba wanda ya kira shi, ya ɗaure kujerar a saman motar Yaya, ya ja igiya ya sake ja. Kafin ya ɗora sai da ya sa wuƙa ya kankare fentin. Lauya ta shiga mota ta rungume Baba, ya ce mata wani abu, ta juyo ta kalle ni, na ce ya ce kada ki yi wani mijin kafin ya dawo. Ta yi dariya tana kuka. Wannan ce magana ta farko da ta haɗa mu tun Asabar.

Ni ya kama hannuna da na damansa ya matse. Ya ce in je, kada in makara.

Ina da taro ƙarfe goma, kuma ban makara ba.

Alhamis, 1 ga Janairu, da rana

Taro biyu. Kowa na ta yi wa kowa barka.

Asabar, 3, da yamma

Yaya ya ce sun isa lafiya, yana cin abinci, yana barci sosai.

Litinin, 5, ƙarfe sha ɗaya na safe

An gama. Kaya sun koma sito, darduma ta dawo, tebur ya dawo da ƙonuwar tukunya a gefe ɗaya. Malam ya koma makaranta yau, Lauya ma. Kafin ya fita ya ajiye mini shayi ya ce in kwanta in huta, na ce to. Waya tun safe ba ta yi ƙara ba. Na share baranda sau biyu.

Talata, 6, bayan la'asar

Na kira Yaya na ce ya ba ni Baba. Ya ce, "Yauwa, gara ke, tun jiya yake son faɗa mana wani abu mun kasa." Na ji ya kara masa wayar a kunne.

Baba ya fara magana. Muryarsa ce, har da ɗan tarin da yake yi kafin ya fara. Na toshe ɗaya kunnen, na shiga ɗaki na rufe ƙofa. Na ce Yaya ya kunna hoto, ya kunna, hoton ya tsaya cak a kan silin, ya yanke, muka koma murya. Ban taɓa sanin da ido nake jin Baba ba sai yau.

Minti huɗu yana magana. Wani wuri ya ɗaga murya, wani wuri ya tsaya kamar yana jiran amsa. Ina ta cewa to Baba, haka ne Baba, in sha Allahu Baba.

Yaya ya karɓi wayar ya ce, "To, me yake so?"

Na ce ban sani ba, Yaya.